Tanimun: sunan Litinin da sarki ya cinye

A Kano, ko Katsina, ko Zariya, in aka kira mutum Tanimu, abin da aka faɗa bai wuce guda ba, wato ranar Litinin ce mahaifiyarsa ta sauka. A wannan gefen iyaka kuwa sunan ya ƙara harafi ɗaya a wutsiya, ya koma Tanimun, a Damagaram kuma ya ƙara nauyin da sauran sunayen rana ba su taɓa ɗauka ba. Duk wanda ya ji an ambace shi a Birni ko a Zango, ba ranar mako ce ke fara faɗo masa a rai ba. Ganuwa ce ke fara zuwa, sa'an nan igwa, sa'an nan wani sarki da ƙasa ta rufe tun shekarar 1884. Yaro na iya girma da sunan nan har furfura ta fito masa bai taɓa jin cewa asalinsa lissafin kwana ne ba.

Bahaushe dai ba ya rayuwa da suna guda. Akwai sunan yanka, wanda liman ke raɗawa ran bakwai bayan an zubar da jinin rago, kuma kusan kullum daga sunayen annabawa da sahabbai ake ɗauko shi. Amma sau da yawa sunan yankan nan ba ya kiruwa a cikin gida. In an mayar wa jariri da sunan kakansa, uwa ba ta iya buɗa baki ta kira sunan surukinta tsakar gida. In ɗan fari ne, alkunya ta hana ta kiransa ko da sunan wane ne. Dole ke nan a nemo abin da za a riƙa kiransa da shi, kuma abin da ya fi kusa da hannu shi ne ranar da ya zo duniya. Daga nan Ɗanladi da Ladi suka fito, da Balarabe da Larai, da Ɗanlami da Lami, da Ɗanjuma da Jummai, da su Asabe da Talatu. Na Litinin kuwa, mace ta zama Altine ko Tani, namiji ya zama Tanimu. Tushen duka Larabci ne, daga kalmar da ke nufin biyu, domin a ƙidayar Larabawa Litinin ce rana ta biyu a mako. Kunyar mata ce ta raini waɗannan sunaye, har suka girma suka danne na yanka, ta yadda sai ran ɗaurin aure ko ran jana'iza abokan mutum ke jin cewa ashe Tanimun ɗin nan da suka sani shekara talatin, Abubakar liman ya raɗa masa.

Fataken goro da suka zauna a zangon Kumasi sun san ba Hausawa kaɗai ke da wannan al'ada ba. Ashantawa da danginsu ma haka suke yi: Kwame Nkrumah ɗan Asabar ne, Kofi Annan ɗan Juma'a, Tanimunsu kuwa shi ne Kwadwo ko Kojo. Sai dai a wajen Musulmi Litinin na da wata daraja ta daban, domin ranar ce aka haifi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma har gobe akwai tsofaffi a kowace unguwa da ba sa barin azuminta. Saboda haka wanda aka kira ɗan Litinin ba a rage shi da kome ba. Amma kuma ba a ce zai yi sarauta ba. Suna ne na kowa, na ɗan maƙeri da ɗan majemi da ɗan sarki, domin Litinin ba ta zaɓen gidan da take shiga.

To, yaya aka yi mutum guda ya cinye sunan kowa?

Gidan sarautar Damagaram daga gabas ya taso, daga wani malami mai jinin Barebari a ƙarni na 18, kuma ya daɗe yana kai gaisuwa Barno. Sarki Sulaiman, a farkon ƙarni na 19, shi ya kafa fada a garin da Turawa suka sani da Zinder. Ƴaƴansa biyu, Ibrahim da Tanimun, sun shafe shekaru suna ja-in-ja a kan gadon. Tanimun ya hau a 1841, aka ture shi a 1843, Ibrahim ya koma. Sai a farkon shekarun 1850 Tanimun ya sake karɓa, bai kuwa saki ba sai da mutuwa ta karɓe a 1884. Fiye da shekara talatin ke nan a hawa na biyu kaɗai. A zamanin da sarakuna ke kwana da takobi ƙarƙashin matashi saboda ƴan'uwansu na jini, wannan daɗewa kanta abin dubawa ce.

Abin da ya yi da shekarun shi ne ya sa sunan ya manne masa. A shekarun 1850 ya sa aka kewaye Birni da ganuwa mai tsawo da kauri, wadda matafiyan Turawa na ƙarshen ƙarnin suka tsaya suna aunawa da mamaki. Ya tara maƙera suna zuba igwa a cikin gari, ana kuma haɗa albarushi a gida maimakon a jira na ayari. Masana tarihi kan kawo adadin bindiga 6000 da igwa 40 a rundunarsa. Ko da an rage wani abu saboda ƙarin gishirin maroƙa, babu wani sarki tsakanin Sakkwato da Kukawa da zai ji wannan lissafi ya yi barci da daɗi. Ƙasashen Sosebaki, wato su Mirriya da Dungas, sun shigo ƙarƙashinsa, Muniyo ta bi baya, Zangon Daura da Baure suka koma kallon Damagaram. Shehu Umar na Barno, wanda a ka'ida shi ne ubangida, ya ga bara na neman fin ƙarfin maigida. A cikin fada kuma Tanimun ya ɗauko bayi da babanni ya ba su manyan muƙamai, domin ya san bawa ba ya neman gadon sarauta, ɗan'uwa kuwa yana nema. Shi da ya taɓa ɗanɗana tuɓewa bai bukaci malami a kan wannan darasi ba.

Ƴan kasuwa su ya fi kamata su san wannan sarki, fiye da sojoji. Ganuwa da igwa kuɗi suke ci, kuɗin kuwa daga hanya suke fitowa. Damagaram na zaune a inda hanyar Tarabulus, wadda ke bi ta Gadamas da Gat da Agadas, ke saukowa ta rabu, reshe ɗaya ya nufi Kano, ɗaya ya nufi Barno. Ayarin Buzaye na sauke gishirin Bilma da kayan arewa, su ɗauki hatsi da jemammiyar fata da gashin jimina da hauren giwa. Zango, wanda yau unguwa ce cikin gari, masaukin waɗannan baƙi ne a bayan ganuwa. Bajamushen nan Barth, da ya iso a ƙarshen Disamban 1852, a garin ya zauna yana jiran kuɗi da kayan da za a aiko masa daga arewa kafin ya kama hanyar Tumbutu, abin da ke nuna cewa tun wancan lokaci garin wuri ne da saƙo ke isa hannun mai shi. Tanimun ya gane cewa sarkin da ya tsare hanya, ya bar baƙo ya sayar ya saya cikin aminci, ya fi mai kwace kayan ayari samu. Jemammiyar fatar da har yau ake alfahari da ita a kasuwar Dole tana da jijiya a wancan zamani.

Amma akwai haja guda da ba a son ambata ran hawan salla, ita ce mutum. Da bayi aka sayi yawancin bindigogin nan da dawakan nan, bayin kuwa ba daga sama suka faɗo ba. Daga ƙauyuka aka kamo su, na nesa da na kusa, wani lokaci daga cikin talakawan da ganuwar ya kamata ta kare. Mutanen Gumel da Kazaure da ƙauyukan arewacin Kano suna da nasu labarin wannan suna, kuma ba kirari ba ne. Ko ganuwar kanta, labarin baka bai bar ta da fuska guda ba: tsofaffi na cewa an binne Alƙur'anai a cikinta don tsari, wasu kuma su rage murya su ce ba Alƙur'anai kaɗai aka binne ba, har da ƴanmata. Almara ce, amma almarar da jama'a suka zaɓi riƙewa tana faɗin irin tsoron da suka ji. A ƙasar da sai a 2003 doka ta mayar da bauta laifin da ake ɗauri a kansa, bai dace a ce wannan tsohon zance ne ba. Jikokin waɗanda suka kwaɓa ƙasar ganuwa da jikokin wanda ya ba da umurni duk suna nan a gari guda, suna sahu ɗaya ran Juma'a, kuma a cikin kowane ɓangare akwai mai suna Tanimun.

Shekara 15 kawai bayan rasuwarsa gidan ya faɗi. Ɗansa Amadu Kuran Daga ya sa aka kashe kyaftin Cazemajou a watan Mayun 1898. A Yulin 1899 sojojin Faransa, ragowar rundunar Voulet da Chanoine, suka karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, suka shiga Birni, ba a jima ba aka kashe sarkin. Igwogin da aka yi shekaru ana zubawa ba su tsare ƙofa ko ta kwana guda ba. Faransawa suka gina sansani a kan duwatsu, suka raɗa masa sunan kyaftin ɗinsu, daga can suke leƙen fada. Garin ya zama babban birnin mulkinsu daga 1911 zuwa 1926, kafin a kwashe ofisoshi a kai Yamai, abin da Damagarawa ba su gama yafewa ba har yanzu. Bayan mulkin kai aka sauke sunan Cazemajou daga sansanin, aka ɗora na Tanimun, babban lise na gari kuma aka ba shi sunan Kuran Daga. Uba ya samu sojoji, ɗa ya samu ƴan makaranta. Da an tambayi tarihi, mai yiwuwa da an juya rabon, tun da ɗan ne ya fuskanci Nasara a fagen daga, uban kuwa shi ya san gini da lissafi.

Wanda ya fi kowa aikin mayar da sunan cikin bakin ƴan boko shi ne André Salifou, haifaffen Damagaram a 1942. A 1971 ya fitar da littafinsa na tarihin masarautar a ƙarni na 19, a 1973 kuma ya buga wasan kwaikwayo mai suna Tanimoune a Paris. Ta hanyarsa ne ɗalibai da yawa, waɗanda lakwal ta koya wa sarakunan Faransa ɗaya bayan ɗaya, suka fara jin cewa kakanninsu ma sun yi sarki da ya cancanci a hau dandali da shi. Salifou ya rasu a 2022, jami'ar garin kuma tana ɗauke da sunansa. Akwai wani abu da masu son lissafin kwana za su ji daɗinsa: ranar 15 ga Afirilun 1974, da Seyni Kountché ya tuɓe Diori Hamani, Litinin ce, ranar 29 ga Yulin 1991, da aka buɗe babban taron ƙasa wanda ya kawo ƙarshen mulkin da ya samo asali daga wancan juyi, ita ma Litinin ce, kuma marubucin Tanimoune ne aka zaɓa ya shugabanci zaman. Da tsohuwa ce ke raɗa wa al'amuran siyasa suna, da duka biyun Tanimun ne, ɗaya da kaki, ɗaya da babbar riga. Ƴancin kai na 3 ga Agustan 1960 kuwa Balarabe ne, Jamhuriya ta 18 ga Disamban 1958 kuma Lami.

Masu ɗauke da sunan a yau, damuwarsu ba ta kai ta sarki girma ba, amma ta fi kusa da aljihu. Ta farko ita ce rubutu. Bafaranshe ba ya iya karanta «u» yadda Bahaushe ke faɗinta sai an rubuta masa «ou», kuma in kalma ta ƙare da «n» zai tura ta cikin hanci sai an jingina mata «e». Haka Tanimun ya zama Tanimoune. Amma ba kowane sakatare ne ya bi wannan ƙa'ida ba. Tsofaffin takardun Turawa na da Ténimoun, na bayansu na da Tanimoun, wani ya rubuta Tanimou, kowa da yadda kunnensa ya ji a ranar. A ƙetaren Dan Barto da Kongolam kuma, inda Ingilishi ya bar nasa alƙalami, sunan Tanimu ne, kamar yadda ake gani a sunan Tanimu Yakubu Kurfi, wanda ya ba shugaba Ƴar'aduwa shawara kan tattalin arziki, ko na Kabiru Tanimu Turaki, lauya ɗan Kebbi da ya yi minista daga 2013 zuwa 2015. Wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya ya zauna Matamai ɗaya ya zauna Daura, sai ka iske a takarda ubanninsu biyu ne.

Muddin mutum ne ke duba takarda, wannan ba kome ba ne, domin ɗan duwan ko ma'aikacin banki ya san Tanimoun da Tanimoune mutum ɗaya ne, ya ɗaga kai ya dube shi ya buga hatimi. Kwamfuta ba ta ɗaga kai. Duk wanda ya taɓa raka tsohon ma'aikaci haɗa dosiyen fansho ya ga yadda harafi guda ke tsayar da shekara talatin na aiki: takardar haihuwa da «e», takardar ɗaukar aiki babu «e», takardar shaidar ɗan ƙasa kuma ta zo da nata salo. Sai a ce masa ya je ya kawo shaidar cewa shi ne shi. Dattijon da duk unguwa ta san shi, wanda ya koyar da rabin ma'aikatan da ke bayan tebur, sai ga shi yana neman shaidu biyu da kuɗin tambur, yana jiran sa hannu wata da watanni, gida kuwa ba ya jiran sa hannu kafin a ɗora tukunya. Ɗan kasuwa ma haka: kuɗin da aka aiko masa daga Kano da sunan Tanimu na iya kwana a na'ura saboda katinsa ya ce Tanimoune. Ba laifin sakataren jiya ba ne shi kaɗai, wanda aka ba alƙalamin wani harshe aka ce ya rubuta wani. Laifin na masu mulki ne da suka tsara yadda za a rubuta harsunan ƙasa a littattafan yaƙi da jahilci, amma suka bar sunayen mutane a hannun sa'a.

Ta biyun ta fi ban dariya, ta kuma fi ban tausayi. Yawancin waɗanda aka haifa a ƙauye kafin asibitin haihuwa ya yawaita ba su da takarda sai ran da za a sa su lakwal ko za su nemi aiki. Ran nan alƙali ko kumandan ya dubi haƙoran yaro da tsawonsa, ya rubuta «né vers», wato an haife shi wajen shekara kaza. Da na'ura ta zo ta ce ita ba ta san «wajen» ba, sai an cika mata rana da wata, aka mayar da dubban mutane haifaffun 1 ga Janairu. To, daga 1950 zuwa 1970, sau uku kawai 1 ga Janairu ya faɗo ranar Litinin: 1951, da 1962, da 1968. Duk wani Tanimun na gaskiya da katinsa ya ce 1 ga Janairu na wata shekara daban a cikin waɗannan, sunansa na ƙaryata katinsa. Kuma sunan ne mai gaskiya. Gwamnati, da hatiminta da tamburinta, ba ta san shekarar ba, ba ta san watan ba; tsohuwar da ta yanke cibiya, wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, ta ajiye ranar a wurin da gara ba ta ci. In aka haɗa da abin da uwa ke tunawa, cewa da kaka ne, ko ana saura kwana kaɗan salla, ko shekarar da fara ta ci gero, mai haƙuri da tsohuwar kalanda na iya matso da haihuwar mutum cikin mako biyu ko uku, abin da «né vers» bai taɓa yi ba.

Akwai kuma yadda sunan ke tafiya a cikin zuriya, wanda tsarin takardun Nijar ya ƙirƙiro ba da niyya ba. Da yake ba a san sunan dangi irin na Turawa ba, sunan uba ne ke biyo na ɗa. Saboda haka mutum yana Tanimoune a gaba, ƴaƴansa maza da mata su ɗauke shi a baya, har a samu malamar asibiti ko ƴar lise tana amsa sunan namijin Litinin alhali ita Jummai ce. A jikoki kuma sai ya faɗi daga takarda gaba ɗaya, sai fa in gidan ya yi suna ya riƙe shi da gangan. Kowane ƙarni sunan na ja da baya taki ɗaya, kamar mai barin fada ba ya son juya wa sarki baya.

Sunayen rana dai suna janyewa. Iyayen yanzu, musamman a birni, sun fi son sunan yanka ya tsaya shi kaɗai, ko su ɗauko laƙabi daga Larabci ko daga talabijin, kuma matan yanzu ba sa jin nauyin kiran ɗan fari kamar iyayensu. A ajin farko na kowace makarantar gari, Asabe da Talatu sun yi ƙaranci, Ɗanlami ya koma sunan kaka. Tanimun ya fi su jurewa a Damagaram, amma dalilin da ya sa ya jure shi ne ya raba shi da asalinsa: ana sa shi ne don sarki, ko don kakan da aka sa wa don sarki. Birni da fadarsa sun shiga jerin wuraren da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006 tana neman a lissafa su cikin kayan tarihin duniya, amma abin da ya rage na ganuwar guntaye ne da damina ke lasa kowace shekara, maƙwabta kuma sun daɗe suna ɗibar ƙasarta suna yaɓe. A ɗakin haihuwa kuwa ungozoma na rubuta rana da wata da shekara, har da ƙarfe nawa, a cikin rajista, kuma ba abin mamaki ba ne a ga ta rubuta Alhamis a layi ɗaya, bayan kwana bakwai uban ya dawo ya ce a sa Tanimoune a layin da ke kusa.